Jinin da ke daskarewa da jinin da ke zuba: tarihin yadda aka gano ɓarnar ƙwayar bairas a cikin jijiya

Mai karatu, idan ka taɓa jinyar ɗan'uwa a asibiti saboda ciwon huhu mai tsanani, wataƙila ka ga ma'aikaciyar jinya tana zuwa kullum da wata 'yar siririyar allura, tana soka masa a fatar ciki, gefen cibiya. Ka tambaya, aka ce maka maganin hana daskarewar jini ne. A wani ɗakin na wannan asibitin kuma ana iya samun mai zazzaɓi da aka hana shi ko da ƙwayar asfirin guda, danginsa na ta fafutukar neman wanda zai ba shi jini. Dukansu biyu ƙwayar cutar bairas ce ta kwantar da su. Ta yaya irin cuta ɗaya za ta sa jinin wani ya yi gudaji a cikin jiki, na wani kuma ya ƙi tsayawa? Likitoci sun shafe fiye da shekara 150 suna warware wannan ƙulli, kuma sanin yadda suka warware shi zai sa ka gane dalilin da ya sa muke rowar waɗannan magunguna a ɗakin ba da magani.

Bari mu fara da abin da ka riga ka sani. Idan wuƙa ta yanke ka, cikin 'yan mintoci jinin ya tsaya. Wasu ƙananan ƙwayoyin jini ne, waɗanda ake kira filatilet, ke rugawa su manne a bakin raunin, sannan wani furotin da hanta ke yi ya rikiɗe ya zama zare mai suna fibirin, ya ɗaure su tamau. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, kayan aikin nan suna yawo a cikin jininka dare da rana, amma ba sa daskarewa. Abin da ke riƙe su shi ne wani siririn yaɓe mai santsi da ke lulluɓe da cikin kowace jijiyar jini, daga babbar da ke fita daga zuciya har zuwa wadda ta fi gashi siranta. Yaɓen nan ba kwance kawai yake ba. Yana fitar da sinadaran da ke hana filatilet mannewa, yana kuma taimakawa wajen narkar da duk ɗan gudan da ya soma haɗuwa ba bisa ƙa'ida ba. Ka riƙe wannan yaɓe a ranka, domin kusan duk labarin a kansa zai ƙare.

A shekarun 1840, a asibitin Charité da ke Barlin, akwai wani matashin likita mai suna Rudolf Virchow, wanda aikinsa binciken gawawwaki ne. A wancan zamani an san ana samun gudajin jini a jijiyoyin huhun mamata, amma an ɗauka a nan huhun suke haɗuwa. Virchow ya lura cewa wani lokaci gudan da ke huhu ya fi jijiyar da ya toshe kama da jijiyar ƙafa, har ma tsinkakken bakinsa yakan dace da ragowar gudan da ya rage a ƙafar. Bai tsaya a kan zato ba. Ya riƙa sa ƙananan abubuwa a jijiyar wuyan karnuka, yana tarar da su a huhu. Da haka ya tabbatar cewa gudan jini yana iya ɓallewa daga ƙafa, ya bi ta zuciya, ya je ya toshe huhu. Ya tattara ayyukansa ya buga a 1856. Daga baya masana suka jingina masa wata ƙa'ida mai ƙafa uku wadda har yau kowane ɗalibin likitanci ke haddacewa: jini yakan daskare a cikin jiki idan gudunsa ya ragu, ko bangon jijiya ya samu rauni, ko shi kansa jinin ya sauya hali. A zamanin Virchow ba a san akwai wani abu wai shi bairas ba. Amma cuta mai tsanani tana taka ƙafafun nan uku a lokaci guda, kuma sai da aka daɗe kafin a ga haka.

Dalilin jinkirin a fili yake: zubar jini ana ganinta da ido, daskarewa kuwa a ɓoye take. Ciwon shawara, wanda sauro ke yaɗawa, ya yi suna a tashoshin jiragen ruwa na Afirka ta Yamma da Amurka saboda baƙin aman da masu shi ke yi, wato jinin da ya zuba a ciki. Murar 1918, wadda ta iso Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba na shekarar, ta kuma bi hanyoyin fatauci da layin dogo zuwa Arewa, ta bar wa likitocin duniya labaran haɓo da tarin jini. Don haka a tunanin mutane, har da masana, idan bairas ta taɓa jini to tsinka shi take yi.

Sai a tsakiyar ƙarni na 20 aka gane cewa abubuwan biyu na iya zama fuska biyu na masifa ɗaya, kuma ba daga ɗakin masu zazzaɓi aka fara ganewa ba, daga ɗakin haihuwa ne. Likitocin mata sun lura cewa idan mabiyiya ta rabu da mahaifa tun kafin a haihu, wani lokaci jinin matar yakan ƙi daskarewa gaba ɗaya. Da aka auna, sai aka tarar furotin ɗin da ke zama fibirin ya ƙare ƙarƙaf a jininta. Ina ya tafi? An cinye shi ne wajen ƙera dubban ƙananan gudaji a cikin siraran jijiyoyin ƙoda da huhu da sauran gaɓoɓi. Ka ɗauka magini ne ya ƙarar da simintinsa yana toshe magudanan ruwan gida ba gaira ba dalili. Ranar da katanga ta tsage, babu abin liƙewa, ga kuma ruwa ya rasa hanyar fita. Haka marar lafiyar ke shiga tsaka mai wuya: gaɓoɓinsa na mutuwa saboda toshewa, shi kuma yana zubar da jini ta dasashi da hanci da duk inda aka soka allura. A takardun asibiti ana taƙaita sunan wannan hali da haruffa uku, DIC. A 1967 wani masanin cututtuka Ba'amurke, Donald McKay, tare da abokin aikinsa William Margaretten, suka wallafa wata maƙala da ta tattara hujjojin cewa cututtukan bairas ma suna jawo shi.

Kamar an shirya, a wannan shekarar ta 1967 ma'aikatan ɗakunan bincike a garuruwan Marburg da Frankfurt na Jamus, da kuma Belgrade, suka kamu da wata sabuwar cuta daga biran da aka kawo daga Yuganda. Mutum 31 suka kamu, 7 suka rasu, da yawansu da zubar jini. Shekara biyu bayan haka abin ya zo gida. A watan Janairu na 1969 wata ma'aikaciyar jinya, Laura Wine, ta kwanta ciwo a asibitin mishan na garin Lassa, a jihar Borno ta yau. Aka ɗauke ta a jirgin sama zuwa Jos, ta rasu a can. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, ita ma ta bi ta. Ta uku, Penny Pinneo, an kai ta Amurka ta rayu, kuma a Jami'ar Yale aka ware ƙwayar cutar aka sa mata sunan garin. A farkon 1970 cutar ta sake ɓulla a Jos, ta kashe Dakta Jeanette Troup, wadda ta yanke a yatsa tana binciken gawar wani da cutar ta kashe.

A nan akwai wani darasi da ya kamata ka sani, domin zazzaɓin Lassa namu ne, kuma kowane rani yana dawowa. An sa shi a sahun zazzaɓi masu zubar da jini, amma binciken da aka yi a Saliyo a shekarun 1980 ya nuna cewa hanyarsa daban ce. A mafi yawan masu Lassa ba cinye kayan daskarewa ake yi ba. Filatilet ɗin suna nan, sai dai wani abu a cikin jinin ya kashe musu kuzari, yaɓen jijiya kuma ya soma yoyo, ruwa na tsiyaya zuwa cikin tsoka, fuska da wuya su kumbura. A ciwon shawara kuwa babbar matsalar hanta ce, wadda idan ta lalace ba ta iya ƙera furotin ɗin daskarewa. A zazzaɓin denge adadin filatilet ne ke faɗuwa, jijiyoyi na yoyo. Kowace ƙwaya da ƙofar da take bi. Wanda ya ce maka magani ɗaya ya isa duka, bai san zancen ba.

Tunda an gane cewa daskarewa ce ke fara ɓarna a wasu cututtukan, tambayar da ta biyo baya ita ce: me zai hana a ba da maganin hana daskarewa tun da wuri? Maganin kuwa yana nan. A 1916 wani ɗalibin likitanci a Jami'ar Johns Hopkins, Jay McLean, yana neman sinadaran da ke sa jini daskarewa sai ya ci karo da akasinsu a hantar kare. Malaminsa William Howell ya ci gaba da aikin, aka raɗa wa sinadarin suna hefarin, daga kalmar Girkanci mai nufin hanta. Sai a shekarun 1930 masana a Toronto da Stockholm suka tace shi har ya yiwu a yi wa mutum allurarsa. A 1960, a birnin Bristol na Ingila, likitoci biyu, Barritt da Jordan, suka gwada shi a kan masu gudan jini a huhu: cikin 19 da ba a ba magani ba, 5 suka mutu saboda gudan; cikin 16 da aka ba, babu ko ɗaya. A 1975 wani babban gwaji da Vijay Kakkar ya jagoranta a kan mutum fiye da 4,000 da aka yi wa tiyata ya nuna cewa ɗan ƙaramin awo na hefarin a ƙarƙashin fata yana kare rai: mutum 16 gudan huhu ya kashe a cikin waɗanda ba a yi wa ba, mutum 2 a cikin waɗanda aka yi wa. Allurar cikin nan da muka fara da ita jikanyar wannan gwaji ce. (Ɗan'uwanta na haɗiya, warfarin, asalinsa ma ya fi ban mamaki: daga ruɓaɓɓiyar harawar da ta riƙa kashe shanu da zubar jini a Kanada da Amurka aka gano shi, aka fara sayar da shi a 1948 a matsayin maganin ɓera, sannan a 1954 aka amince a ba mutane.)

A wannan shekarar ta 1975, cutar Marburg ta ɓulla a Johannesburg. Wani matashi ɗan Ostireliya ya mutu da alamun DIC, sai likitoci suka yi wa abokiyar tafiyarsa da ma'aikaciyar jinyar da suka kamu allurar hefarin, dukansu suka rayu. Labari ne mai daɗin ji, amma mutum biyu ba hujja ba ne, kuma ba wa mai zubar jini maganin da ke ƙara zubarsa caca ce da rai. Da Ebola ta bayyana a 1976 a Yambuku ta ƙasar Kwango, inda ta kashe 280 cikin 318 da suka kamu, ba a samu sararin auna irin wannan tambaya ba. Sai a 2003 Thomas Geisbert da abokan aikinsa a Amurka suka nuna, a jikin birai, yadda Ebola ke yi: tana shiga wasu fararen ƙwayoyin jini, ta sa su fito da wani furotin da a ka'ida ɓoye yake a bayan yaɓen jijiya, wanda shi ne ƙyastun da ke kunna wutar daskarewa idan an ji rauni. Da suka toshe wannan ƙyastu da wani sinadari da aka samo daga tsutsar cikin kare, birai 3 cikin 9 suka rayu daga cutar da kusan ba ta barin ko ɗaya. Wannan ya nuna cewa daskarewar ba 'yar rakiya ba ce, tana cikin abin da ke kisa.

Duk da haka, an ci gaba da kallon lamarin a matsayin matsalar wasu cututtuka na nesa, na dajin Afirka. Alamu sun yi ta zuwa daga cututtukan numfashi, ba a ba su muhimmancin da ya kamata ba. Binciken gawar waɗanda cutar SARS ta kashe a 2003 ya nuna ƙananan gudaji a huhu. A lokacin murar aladu ta 2009, wani asibiti a jihar Michigan ya ba da rahoton cewa cikin majinyata 10 da ke sashen kulawa ta musamman, 5 suna da gudan jini a huhu. A 2018 wani bincike a lardin Ontario na Kanada ya gano cewa haɗarin bugun zuciya yana ninkawa sau 6 a makon farko bayan an tabbatar mutum na da mura mai tsanani ta infuluwenza. A gefe guda kuma, masu bincike a Barlin sun gano a 2004 cewa wasu fararen ƙwayoyin jini, idan faɗa ya yi faɗa, sukan fashe su watsa wani abu mai kama da komar masunta don kama ƙwayoyin cuta, kuma daga baya aka ga cewa wannan koma tana kama filatilet da fibirin ita ma. A 2013 wasu masana biyu, Engelmann da Massberg, suka fito ƙarara suka ce daskarewar jini ɗaya ce daga makaman garkuwar jiki: jiki yana toshe 'yar jijiya da gangan don ya tsare abokin gaba a lungu guda. A ganina wannan ne tunani mafi muhimmanci a duk tarihin. Ba ƙwayar cutar ce ke daskarar da jini da hannunta ba. Jiki ne ke yi, da niyyar kare kansa, sai abin ya wuce gona da iri.

Korona ce ta tilasta wa duniya ta saurara. A watan Fabrairu na 2020, tun kafin a tabbatar da mutum na farko a Najeriya ranar 27 ga watan, likitocin asibitin Tongji da ke Wuhan sun wallafa abin da suka gani a majinyata 183. Mutum 21 suka rasu, kuma 15 daga cikinsu jininsu ya nuna alamun DIC. Cikin 162 da suka rayu, mutum ɗaya tak. Wani gwaji da za ka gani an rubuta D-dimer a takarda, wanda ke auna ɓurɓushin gudajin da jiki ke ƙoƙarin narkarwa, ya riƙa hawa sama a jinin waɗanda abin ke tsananta musu. A watan Afrilu asibitoci uku na ƙasar Holan suka ba da rahoto kan majinyata 184 a sashen kulawa ta musamman: an ƙiyasta kashi 31 cikin 100 sun samu gudan jini, alhali dukansu ana yi musu allurar rigakafin daskarewa. A Hamburg aka binciki gawar mutum 12 na farko da cutar ta kashe, aka tarar da gudaji a jijiyoyin ƙafar 7 daga ciki, babu wanda aka yi zaton yana da shi kafin mutuwa, kuma mutum 4 gudan da ya toshe huhu ne ya kashe su kai tsaye. Abin da Virchow ya bayyana ke nan, a ƙasarsa, bayan shekara kusan 170. A Zurich aka ga kumburi a jikin yaɓen jijiya a gaɓoɓi daban-daban. A watan Mayu kuma Maximilian Ackermann da abokansa suka kwatanta huhu 7 na masu korona da huhu 7 na waɗanda murar 2009 ta kashe, suka tarar ƙananan gudaji a siraran jijiyoyin huhu sun ninka sau 9 a na korona.

Yanzu hoton ya haɗu. Idan cuta ta yi tsanani, garkuwar jiki tana sakin sinadaran kumburi da yawa. Sinadaran nan suna sa yaɓen jijiya ya rasa santsinsa ya koma mai danƙo, suna sa hanta ta ƙara yawan furotin ɗin daskarewa, suna kuma rage wa jiki ikon narkar da gudaji. Fararen ƙwayoyin jini suna watsa komarsu. Shi kuma marar lafiya yana kwance ba motsi, zazzaɓi ya busar da ruwan jikinsa, jinin ƙafafunsa na tafiyar hawainiya. Ƙafafu uku na ƙa'idar Virchow sun cika. Bambancin korona da Ebola shi ne, a korona kayan daskarewar ba su cika ƙarewa ba, sai ma ƙaruwa, don haka toshewa ta fi yawa, zubar jini kaɗan ce.

Kana iya cewa to ai magana ta ƙare, a ɗura wa kowa hefarin mai yawa. Asibitoci da dama sun yi hakan a 2020, bisa kyakkyawar niyya. Amma a wannan karon an auna. Manyan gwaje-gwaje uku na ƙasa da ƙasa suka haɗa ƙarfi, aka buga sakamakonsu a watan Agusta na 2021, kuma ya zo da abin da mutane da yawa ba su zata ba. A cikin majinyata 1,098 da suka riga suka kai ga sashen kulawa ta musamman, cikakken awon hefarin bai fi ƙaramin awon rigakafi amfani ba, sai ƙarin zubar jini. Tun a watan Disamba na 2020 aka dakatar da wannan ɓangaren. Amma a cikin 2,219 da ke kwance a ɗakin jinya na gama-gari, waɗanda abin bai kai can ba, cikakken awon ya taimaka: kimanin 80 cikin 100 suka fita asibiti ba tare da sun buƙaci na'urar tallafa wa numfashi ko zuciya ba, a maimakon kimanin 76. Magani ɗaya, cuta ɗaya, amma amfaninsa ya rataya a kan wane ne, kuma a wane mataki. Asfirin kuwa, wanda mutane suka riƙa saye a kemis suna sha don tsoron korona, an gwada shi a Birtaniya da wasu ƙasashe a kan majinyata 14,892. Bai rage mutuwa ba. A kowane mutum 1,000 ya hana gudaji kimanin 6, ya kuma jawo mummunar zubar jini kimanin 6. Abin da ya fi ceton rai a wancan gwajin wani tsohon magani ne mai araha, dekzametason, wanda ke kwantar da kumburin kansa. Ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a masu amfani da na'urar numfashi. Shi ma ga wanda numfashinsa ke lafiya bai amfana da komai ba.

Na san akwai tambayar da ke ranka, domin an sha yi mini ita ta tagar ba da magani: ai rigakafin korona ma an ce yana daskarar da jini. Gaskiya ne an samu haka da allurar AstraZeneca a 2021, a mutane ƙalilan ƙwarai cikin miliyoyin da aka yi wa, kuma Andreas Greinacher da abokansa a Jamus sun gano cikin makonni cewa garkuwar jikinsu ce ta ƙera wani makami da ke harzuƙa filatilet. Wani nazari a Ingila a kan mutum fiye da miliyan 29 ya nuna cewa haɗarin gudan jini bayan kamuwa da cutar ya fi na bayan allurar nesa ba kusa ba. Daga baya ma an ga irin wannan makamin a jinin wasu da ba a yi musu allurar ba, sai dai sun kamu da wata bairas ta mura mai suna adino.

Me wannan tarihi ya bar maka a gida? Abu na farko ya shafi zazzaɓin da ba a san kansa ba. A ƙasar da Lassa da denge da shawara ke yawo, kwanakin farko na waɗannan cututtuka ba su da bambanci da maleriya ko mura. Asfirin da ibufurofen da dikulofenak duk suna raunana filatilet, suna kuma cin bangon ciki, don haka ba su ne abin sha ba. Farasitamol a awon da aka ƙayyade ya fi aminci, kuma zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya bayan kwana biyu zuwa uku na asibiti ne. Yaro ɗan ƙasa da shekara 16 kuwa ba a ba shi asfirin a kan zazzaɓi ko kaɗan. Idan ka ga jini a dasashi, ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ko jajayen ɗigo-ɗigo a fata, kada a kwana.

Ta ɗaya fuskar kuma, sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen haɗari ba. Wani nazari a Suwidin a kan mutum fiye da miliyan ɗaya da suka yi korona, wanda aka buga a 2022, ya nuna haɗarin gudan ƙafa yana nan sama har wata uku, na huhu har wata shida. Ka lura da ƙafa ɗaya da ta kumbura ta fi 'yar'uwarta, tana zafi da ciwo, musamman a sha-raɓa. Irin wannan ƙafa ba ta tausa ba ce, ba ta ƙaho ko tsagar wanzami ba ce. Matsa ta na iya ɓallo gudan ya kama hanyar da Virchow ya zana. Numfashin da ya sarƙe farat ɗaya, ciwon ƙirji da ke ƙaruwa idan an ja iska, tarin jini, baki da ya karkace, hannu da ya saki, magana da ta harɗe, kowanne daga cikinsu na gaggawa ne. Mai ciki da mai jego, mai ciwon sikila, mai ƙiba sosai, mai ciwon daji, mai shan ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin, da wanda ya taɓa yin gudan jini, su ne suka fi bukatar a sa musu ido. Mai jinya a gida ya riƙa shan ruwa, ya riƙa tashi yana ɗan zagayawa, ko a kan gado ne ya riƙa motsa sawunsa.

Wanda kuma ya riga yana shan maganin hana daskarewa, kada ya daina da kansa don ya kamu da mura, kada kuma ya ƙara. Mai shan warfarin ya fi kowa bukatar hattara a lokacin rashin lafiya, domin rashin cin abinci da gudawa suna ƙara masa ƙarfi a jiki, haka ma magungunan da aka saba sha a irin wannan hali, musamman Flagyl da Septrin. Ya faɗa wa duk wanda zai rubuta masa magani ko ya sayar masa cewa yana kan warfarin, a kuma auna masa gwajin INR cikin 'yan kwanaki. Mace mai shan sa da ta ga alamar ciki ta gaggauta zuwa asibiti, saboda yana illa ga ɗan tayi, kuma akan mayar da ita kan allurar hefarin. Ita allurar ma, irin su Clexane, ana lissafa awonta ne da nauyin mutum da lafiyar ƙodarsa, shi ya sa muke tambayar kilo nawa ne da sakamakon gwajin ƙoda kafin mu miƙa ta, kuma shi ya sa ragowar ta wani ba ta yi wa wani.